Maɗin Ɗinya da Barasar Tuffa: Wuta Ɗaya, Niyya Biyu

Idan damina ta fara ja da baya a Dingaya, akwai alamar da ba ta ɓuya, wato bakin yara. Duk wanda ya dawo daga kiwo za ka ga leɓensa da harshensa sun yi baƙi, aljihun rigarsa ma haka. Ɗinya ta nuna ke nan. A wannan yanki na kudancin Jigawa, daga Gwaram har Birnin Kudu, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, ɗinya tana cikin itatuwan da manomi ke ƙyalewa a tsakiyar gona idan yana sharar daji, ita da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka. Ba wanda ya shuka su. An bar su ne don an san abin da suke bayarwa.

Babban abin da ɗinya ke bayarwa shi ne maɗi, kuma a kansa nake son yin nazari. Sai dai zan bi ta wata hanya mai nisa, ta arewacin Faransa, inda manoma ke mayar da tuffa wata barasa mai suna Kalbados. Na san mai karatu zai ɗaga gira. Giya haramun ce a addininmu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun shekarar 2000, don haka ba talla na zo yi ba. Abin da ya ja ni shi ne, sana'o'in nan biyu matsala ɗaya suka tarar: ɗan itace mai zaƙi yana zubowa da yawa a lokaci ɗaya, yana ruɓewa cikin 'yan kwanaki. Kowa ya nemi wuta ta taimake shi, amma abin da kowa ya roƙa a wurinta daban ne.

Nomandi, inda ake yin Kalbados, yanki ne mai sanyi da yawan yayyafi a gaɓar tekun da ya raba Faransa da Ingila. Inabi ba ya jin daɗin ƙasar, tuffa kuwa kamar don ita aka yi wurin. Ba irin tuffar da ake jerawa a tire a bakin titin Kano ba ce. Ƙanana ne, wasu ma ba sa ciwuwa ɗanye saboda bauri, kuma irinsu ya haura 200. Manoma sun kasa su gida huɗu: masu zaƙi, masu ɗaci, masu zaƙi da ɗaci a haɗe, da masu tsami. Gwaninta ta farko ita ce sanin yadda za a gauraya su. A kaka ake tattarawa, a wanke, a markaɗa, a matse ruwan, sannan a zuba shi a manyan mazubai a ƙyale shi makonni. Ƙwayoyin yis da ke jikin bawon su cinye sukarin, su bar barasa kaɗan, kamar kashi 5 ko 6 cikin 100.

Daga nan sai wuta. Ana zuba wannan tsimammen ruwa a tukunyar jan ƙarfe mai rufaffen baki da dogon wuya. Barasa tana zama tururi tun zafi yana wajen digiri 78, ruwa kuwa sai ya kai 100, don haka ita ke fara tashi. Tururin ya bi ta bututun da ya ratsa ruwan sanyi, ya koma ruwa, ya ɗiga a wani mazubi. Ɗigon farko da na ƙarshe ana ware su, na tsakiya kawai ake riƙewa. A yankin Pays d'Auge na Nomandi ba a yarda da tafasa ɗaya ba, sai an maimaita. Abin da ya fito fari ne tas kamar ruwan rijiya, mai zafi a maƙogwaro. Launinsa na zuma da ƙamshin da masu shansa ke kwatantawa da gasasshiyar tuffa da kayan yaji, a gangar katako suke bayyana, inda doka ta ce ya kwana aƙalla shekara biyu. Wanda ya shekara shida ko fiye yana da nasa lakabi da nasa farashi. A al'adarsu ana shansa a ƙaramin kofi bayan abinci, ko a tsakiyar doguwar walima don a buɗe ciki, ko a ɗiga shi a gahawa.

Tukunyar nan ma tana da tarihin da ya shafe mu. Sunanta a harsunan Turai daga Larabci ya fito, al-anbiƙ, kuma masana irin su al-Kindi na Bagadaza sun yi rubutu tun ƙarni na 9 kan yadda ake fitar da turare da ruwan wardi da ita. Kayan aikin ɗaya ne. Abin da aka zuba a ciki ne ya bambanta.

Mu dawo gida. Mai maɗi ba ta hawa bishiya, don ɗinyar da ta nuna da kanta take faɗowa. Da sassafe ake tsinta kafin awaki su riga mutum. Wadda aka samu da sauran kore a jikinta sai a rufe ta a kwando ko a turbuɗe ta 'yan kwanaki har ta yi baƙi ta yi laushi. Gaggawa ba ta da amfani a nan, shi ya sa ake cewa ɗinyar makaho a hannunsa take nuna: matsa ta ba ya sa ta zaƙi. Idan an tara mai yawa sai a wanke, a jiƙa, a sa hannu a murje har tsokar ta rabu da ƙwallon. A tace da kwando ko rariya, wasu su sake tacewa da ƙyalle don kada tsaki ya wuce. Ruwan da ya fito baƙi-baƙi ne, tsararo, zaƙinsa kaɗan. Shi ake ɗorawa a babbar tukunya, kuma daga nan aikin ya zama na haƙuri. Ana kwashe kumfa, ana juyawa da muciya, ana lura da wuta. Da farko ana so ta ci sosai. Idan ruwan ya fara kauri sai a janye itace, domin kauri da ƙauri maƙwabta ne, ɗan sakaci kaɗan ya isa ya mayar da aikin yini guda abin zubarwa. Gwanar ba ta da agogo. Takan ɗaga muciya ta ga yadda yake zuba, ko ta ɗiga shi a ƙoƙon ruwa ta ga ko zai zauna ko zai watse. Idan aka ci gaba da dafawa bayan nan, an shiga yankin alewa.

To ga inda hanyoyin suka rabu. Mutumin Nomandi yana jiran ruwan ya tsima, mai maɗi kuwa tsere take yi da tsimuwa, shi ya sa ba ta barin jiƙon ya daɗe. Shi yana rufe tukunya ya kama tururi, ya zubar da abin da ya rage a gindi. Ita tana buɗe tukunya ta sallami tururi, abin da ya rage a gindi shi ne dukiyarta. Shi sukarin ya ba yis ya cinye, ita kuwa tattara shi take yi har ya yi yawan da yis ba zai iya rayuwa a cikinsa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa maɗin da ya dahu sosai yake daɗewa a tulu bai lalace ba, wanda aka sauke da wuri kuma ya yi kumfa ya yi tsami.

Wannan iyaka ba a ɗakin girki kawai aka san ta ba, malaman fiƙihu sun daɗe da zana ta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, an ruwaito cewa da Sayyidina Umar ya je Sham, mutanen ƙasar sun kawo masa ruwan inabin da aka dafa har kashi biyu cikin uku ya tafi. Ya tsoma yatsa ya ɗaga, ya ga yana yauƙi kamar kwaltar da ake shafa wa raƙuma, ya halatta musu shi. A Sahihu Muslim kuma an nuna cewa jiƙon zabibi da ake yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce kwana uku. Duk sanda na ga tsohuwa ta ɗaga muciya tana duban yadda maɗi ke zuba, yatsan nan na Umar nake tunawa. Wataƙila ba ta taɓa jin ruwayar ba, amma gwajin da take yi shi ne nasa.

Ɗanɗanon maɗi kuwa ya cancanci a tsaya a kansa, don mun saba cewa "yana da zaƙi" mu wuce, alhali ba a nan ya ƙare ba. Zaƙin ne ke fara zuwa, mai nauyi, ba mai tsini irin na sukari ba. Bayansa akwai ɗan ɗaci-ɗaci da ke hana shi gundura, sai bauri kaɗan a gefen harshe, sai ƙamshin hayaƙin itacen da aka dafa shi da shi. Na tukunyar ƙasa daban yake da na tukunyar dalma. Bishiyar fadama da ta jigawa ba sa ba da abu ɗaya, kuma matan da ke tsinta sun san wace bishiya ce mai zaƙi, wace ce mai yawan ƙwallo. Mutanen Nomandi sun mayar da irin wannan sani nasu rubutacce, har suna da masu ɗanɗano da ke zama su yanke hukunci. Namu yana nan a bakin mata, ba a taɓa tambayarsu ba.

Kafin sukarin kanti ya cika kasuwa, zaƙin Bahaushe daga zuma da rake da takanɗa da 'ya'yan itatuwan daji yake fitowa. Ana zuba maɗi a kunu ko a fura, ana sirka shi da ruwa a sha, yara kuma su lasa da yatsa. Likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya ambaci ɗinya da maɗi da alewa a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda ya fito a 1916. Ke nan shekara fiye da ɗari da suka wuce baƙo ma ya ga abin ya isa a rubuta.

Rubutun nan shi ne abin da nake ganin ya kamata mu duba da kyau a wurin Faransawa. Labarin farko da aka sani na tace barasar tuffa a Nomandi yana cikin littafin da wani mai gona, Gilles de Gouberville, yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, a shekarar 1553. Ƙarnuka bayan haka abin sha ne na ƙauye, na manoma da leburori. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro ya halaka gonakin inabin Faransa, kasuwa ta buɗe wa tuffa. A 1942 gwamnati ta ba sunan Kalbados kariya ta doka, aka fayyace inda za a noma tuffar, da yadda za a dafa, da tsawon ajiya. A 1997 yankin Domfront na Nomandi ya samu nasa suna daban. Amfanin wannan ga manomi a fili yake: tsohuwar bishiya ta zama jari, saranta asara ne.

Kada kuma a ɗauka sai barasa ake yi wa wannan gata. A Beljiyam ana dafa ruwan tuffa har ya zama baƙin maɗi da ake shafawa a burodi, sunan birnin Liège yake ɗauke da shi. A gabashin yankin Biritani na Faransa ƙauye guda kan taru a kwana ana juya tukunyar tuffa, kuma sun mayar da ranar biki. Turkawa suna da nasu na inabi, Larabawa na dabino. Kusa da mu, zumar Oku ta Kamaru ta samu rajistar sunan yanki a 2013, kilishin Nijar da albasar Galmi su ma sun bi wannan hanya. Waɗannan biyun na ƙarshe kayan Hausawa ne.

Ba na cewa takarda za ta ceci maɗi. Irin wannan rajista tana da tsada, tana buƙatar ƙungiya da masu sa ido, kuma sau da yawa mai jari ne ke cin moriyarta, ba matar da ta tsinci ɗinya ba. Ko a Nomandi yawancin kwalaben da ake fitarwa waje na manyan kamfanoni ne. Akwai kuma aibun da ke cikin sana'ar tamu, wanda bai kamata a ɓoye ba. Tana cin itace da yawa. Wasu masu sayarwa suna ƙara sukari da ruwa don ya yi auki, har yaro ya tashi bai san ɗanɗanon na gaskiya ba. Wasu kuma suna zuba shi a robar da ba a wanke da kyau ba.

Amma babbar barazana tana kan bishiyar kanta. Mai gawayi da mai katako ba su bar ta ba, gonaki suna ƙara matsewa, ƙaramar da ta tsiro kuma garma ko akuya ce ke gamawa da ita. Ƙwallon ɗinya yana da tauri, yana jinkirin tsirowa, bishiyar tana ɗaukar shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Idan ka bi gonakin da ke tsakanin Dingaya da Gwaram ka duba da kyau, manya za ka fi gani, waɗanda kakanni suka ƙyale. Masu tasowa da za su gaje su ba su da yawa.

Jigawa ta riga ta ga yadda abin da aka raina yake zama kuɗi: zoɓo, wanda a da ake shuka shi a kan iyakar gona, yanzu daga kasuwar Maigatari har Meziko yake zuwa. Maɗi ba sai ya je Meziko ba. Ya isa a ce mai saye a kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu ya san na wane gari yake saye, ya tabbata ba a sirka shi da sukari ba, ya biya kuɗin da zai sa mai gona ya hana a sa wa bishiyarsa gatari. Ƙa'idojin ma ba sai an ƙirƙiro ba, suna wurin matan da ke yi: ɗinyar da ta faɗo da kanta, jiƙon da bai kwana biyu ba, tacewa sau biyu, da wutar da ake janyewa idan muciya ta fara nauyi. Yawancin waɗanda suka iya sun manyanta, 'yan matan da ke zama kusa da murhu su koya kuwa sun ragu.