Dutse Tsoho, Zare Sabo

Duk wanda ya saba duba littattafan da 'yan gwanjon kayan da su ke bugawa a London da New York, ba zai rasa ganin hoton wata sarƙar wuya shuɗiya ba, an rubuta a ƙarƙashinta cewa ta Masar ce, ta shekara 2,500. Sau da yawa akan rataya ɗan buzuzu ko idon Horus a tsakiyarta. Abin da kyan gani, ban musa ba. Sunan da aka ba ta ne ban yarda da shi ba, don kuwa yawancin irin waɗannan sarƙoƙi ba su taɓa hawa wuyan wata mace a zamanin Fir'auna ba.

Ga yadda abin ya ke. Duwatsun nan sirara masu kama da guntayen tsinke, ba haƙo su aka yi ba. Farin yashi ake niƙawa, a kwaɓa da kanwa da ɗan jan ƙarfe, a gasa a wuta har ya yi ƙyalli kamar tangaran. Tun wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, Misirawa su kan saƙa su kamar raga, su lulluɓe gawa da ita bayan an naɗe ta. Da zare ya ruɓe sai duwatsu su zube. Mai tonon kabari ya kwashe a jaka, dillali ya saya, ya zura su a zaren kanti, ya sa musu maɗauri na zamani. Watau mayafin gawa ne ya zama kwalliyar zuwa biki. Masu gaskiya daga cikin 'yan gwanjo su kan ce an sake shiryawa, amma da ƙananan baƙaƙe, can ƙarshen bayani.

Zancen layu ya fi wannan nauyi. (Ɗalibi ya lura, laya a Hausa rubutu ce da aka ɗinke cikin fata, na ari kalmar ne domin aikinsu ɗaya, watau tsari.) A wurin Misirawa kowace laya da muhallinta a jiki. Babban buzuzu na koren dutse bisa ƙirji ake sa shi, a bayansa an zana addu'a daga babi na 30 na Littafin Matattu, ana roƙon zuciya kada ta ba da shaida a kan mai ita ranar awo. Da aka warware gawar Tutankhamun a 1925, Howard Carter ya ƙidaya abubuwa 143 cikin naɗin, ya rubuta inda kowanne ya ke. In an ciro laya daga inda aka ɗaura ta, aka haɗa ta da duwatsun wani kabari na wani zamani don launinsu ya dace, to, abin da ya saura ado ne kawai, kuma adon na dillali ne.

Har ila yau akwai batun halal. Masar ta hana cinikin kayan da tun 1983, shi ya sa za ka ga ana rubuta cewa kayan sun fito ƙasar kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO. To, mutum-mutumi yana da kamannin da za a gane shi a tsohon hoto. Dutse kuwa wa ya san fuskarsa? A zuba wanda aka tono bara cikin na kakan wani, ba mai iya tsincewa. Balle buzuzun jabu, wanda tun ƙarni na 19 ake sassaƙa wa baƙi a Luxor.

Wani zai ce, ai gidajen ajiye kayan tarihi ma sake shiryawa su ke yi. Gaskiya ne, kuma nan ne bambancin ya fi fitowa. A 1914 Flinders Petrie da Guy Brunton suka tarar da kayan adon gimbiya Sithathoriunet a Lahun, cikin wani lungu na kabarinta da ɓarayi ba su gani ba. Ruwa ya riga ya shiga, akwatunan sun ruɓe, zare ya tafi, zinariya da duwatsu sun nutse cikin busasshen laka. Brunton ya kwana a ramin, yana ɓamɓarar lakar kaɗan kaɗan, yana wankewa, yana tacewa don kada ƙwaya ɗaya ta ɓace. Gidan Metropolitan na New York ya sayi mafi yawansu a 1916. Herbert Winlock ya zauna ya gwada girman huda da huda, ya duba siffofin matan wancan zamani, sa'an nan ya shirya su, ya buga littafi a 1934 yana faɗin dalilinsa. Zarensa sabo ne kamar na dillali, amma ya bar wa mai musu hanyar da zai bi ya kama shi.

A ganina mafi kyau cikin kayan nan ita ce wadda aka yi da wuri na zinariya, aka raba tsakaninsu da ƙananan duwatsu ja da kore. Da dillali ya samu, lalle a wuya zai rataya ta. Alhali kuwa ta ƙugu ce, abin da Bahaushiya za ta gani ta ce jigida. Maƙerin ya bar cikin kowane wuri fanko, ya zuba 'yan ƙwayoyin ƙarfe, domin in gimbiya tana tafiya a riƙa jin motsinta.