Titin Heidelberg: Gayyar da Ba a Gayyaci Maƙwabta Ba

A shekarar 1986 wani mai zane, Tyree Guyton, ya ɗauki tsintsiya da gwangwanin fenti ya fita titin da ya tashi a kansa, wato titin Heidelberg da ke gabashin birnin Detroit a Amurka. Tare da shi akwai kakansa Sam Mackey da yaran unguwa. Birnin da a 1950 yake da mutum fiye da miliyan 1.8 ya riga ya fara zubewa. Masana'antun motoci sun ja baya, masu hali sun ƙaura bayan gari, aka bar talakawa, yawancinsu baƙaƙen fata, da kangaye da filayen da ciyawa ta cinye. Suka share filayen, abin da suka tsinta a juji kuma suka mayar da shi kayan aiki.

Duk wanda ya ga hotunan wurin ba ya mantawa. Ga gida da aka yi wa manyan ɗigo-ɗigo masu launi tun daga ƙasa har rufi. Ga wani da aka lulluɓe da faya-fayan garmaho, ga wani da 'yan tsana da dabbobin wasan yara suka rufe bangonsa. An rataye tsofaffin takalma a bishiya, an zana agogo a allunan katako, kowanne da lokacinsa daban. A ganinmu ƙarfin aikin yana nan ne: kowane takalmi akwai ƙafar da ta taɓa sa shi, kowace 'yar tsana akwai yarinyar da ta goya ta. Guyton ya tara kayan mutanen da suka tafi, ya ajiye su a inda hukuma da masu wucewa ba su da halin kau da kai.

Sai dai yabon da masu sharhi suka yi ta yi ya rufe wata murya. Akwai mutanen da ba su tafi ba. Su ne suke buɗe taga da safe su ga tulin takalma, su ne motocin baƙi suke tare wa ƙofar gida. Wasunsu sun kai ƙara, suna cewa shara ce aka jibge musu da sunan fasaha. A 1991, zamanin magajin gari Coleman Young, hukuma ta rushe wasu gidajen, aka sake rushe wasu a 1999 zamanin Dennis Archer. Daga 2013 zuwa 2014 kuma aka yi ta cinna wa gidajen wuta ɗaya bayan ɗaya, har da gidan faya-fayan nan.

Ba mu goyon bayan katafila, ballantana ashana. Amma ƙorafin maƙwabtan ba jahilci ba ne. Mu da muka san aikin gayya mun san sunansa daga gayyata ya fito: sai an bi gida-gida an faɗa wa mutane kafin a ɗauki fartanya. 'Yan sa-kai sun yi wa Heidelberg hidima shekara da shekaru, suna shara, suna fenti, suna koyar da yara zane, amma ido ɗaya ne yake yanke abin da za a rataya da inda za a rataya shi. Hannu na jama'a ne, magana ta mutum ɗaya.

A wannan shekara ta 1986 ɗin, a unguwar Queens ta birnin New York, mai sassaƙa Mark di Suvero ya haɗa kai da masu fasaha da mazauna unguwa suka share wani juji a bakin kogin East River. Shi ne ya zama Socrates Sculpture Park. A can ayyukan da ake nunawa canjawa suke yi, mai fasaha ya kafa nasa, bayan wani lokaci ya kwashe wani ya kafa. Shiga kyauta ne, kuma a 1998 hukumar birnin ta amince da shi a matsayin filin shaƙatawa na dindindin. Ba mu ce ayyukansa sun fi na Heidelberg ratsa zuciya ba. Da wuya a sami abin da ya kai bishiyar takalman nan nauyi a cikinsu. Abin da ya fi shi da shi kawai shi ne fili ne da mutum zai shimfiɗa tabarma ya zauna, ba sai ya yarda da ra'ayin kowa ba.

A 2016 Guyton ya sanar cewa zai fara kwance aikinsa sannu a hankali, don wurin ya koma cibiyar fasaha da al'umma za ta riƙe. Mun ɗauki wannan a matsayin mafi ƙarfin hali cikin duk abin da ya yi a titin. Duk masu niyyar mayar da juji filin fasaha su lura: samun fenti da masu taimako abu ne mai sauƙi. Mai wuya shi ne a ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar da gidanta ke kallon filin, a tambaye ta abin da take so ta riƙa gani idan ta fito da safe, a kuma yi aiki da amsarta.