Jinjina Ga Masu Sulun Ƙanƙara Na Oukaïmeden

A watan Janairu, lokacin da manoman Makoda suka gama kai gero da dawa rumbu suna jin ɗumi da asuba, can a Maroko ƙungiyoyin masu sulu a kan dusar ƙanƙara ne ke ɗaure kaya. Inda suka nufa shi ne Oukaïmeden, ƙauye a kan tsaunukan Atlas, kudu da Marrakesh, mai tsayin kimanin mita 2,600.

Sun cancanci yabo saboda yadda suke riƙe juna. Gwani yakan tsaya ya gwada wa sabon shiga yadda zai lanƙwasa gwiwa, ya haɗa bakin allunan ƙafarsa don rage gudu. Wanda ya faɗi, a miƙa masa sanda ya tashi. Da yamma a taru a masauki, irin wanda ƙungiyar Club Alpin Français ta Kasablanka ke kula da shi, a kewaye butar shayin na'ana'a.

Mutanen ƙauyen ma suna samu: masu hayar takalma, masu abinci, da masu alfadarai da ke hawa da baƙi.

Ƙungiyoyin matasan Makoda su ma za su iya koyi da wannan riƙe juna, su yi adashi bayan kaka, su tafi tare su ga Dutsen Dala ko tsaunukan Riruwai.