Joy Division da New Order: Nazarin Ƙungiya Ɗaya Mai Suna Biyu

Masu rubuta tarihin kiɗan Ingila sun saba raba labarin waɗannan mawaƙa na yankin Mancesta gida biyu. Kashi na farko shi ne Joy Division, ƙungiyar samari huɗu da ta fitar da faifai biyu masu cike da ƙunci, ta zo ƙarshe a watan Mayun 1980 da rasuwar mawaƙinta Ian Curtis. Kashi na biyu shi ne New Order, wadda ukun da suka rage suka kafa, ta rungumi na'urorin lantarki, ta shiga gidajen rawa, ta yi kasuwa. A wannan rabo, mutuwa ce katangar da ke tsakani, kuma da yawa daga masoya Joy Division suna kallon abin da ya biyo baya a matsayin saukowa daga fasaha mai zurfi zuwa kiɗan nishaɗi. Wannan nazari yana ganin rabon ya yi arha. Duk wanda ya jera faifan ya saurare su bi da bi, daga Unknown Pleasures na 1979 zuwa Technique na 1989, zai ji aiki ɗaya ne ke tafiya, wato ƙoƙarin haɗa bugun na'ura da damuwar ɗan Adam cikin waƙa guda. Riƙo da wannan aiki na shekara goma shi ya sa suka zama ma'aunin salon da ake kira post-punk.

Asalin abin yana komawa ranar 4 ga Yunin 1976, lokacin da ƙungiyar Sex Pistols ta yi wasa a zauren Lesser Free Trade Hall na Mancesta gaban 'yan kallo kaɗan. Cikinsu akwai Bernard Sumner da Peter Hook, abokai tun daga makaranta a Salford. Abin da suka ɗauka daga wannan dare shi ne cewa yaro ɗan talakawa zai iya hawa dandamali ba tare da ya ƙware a kiɗa ba. Wannan ita ce kyautar da salon punk ya ba samarin Ingila, amma salon yana da ƙaramin fili: sauri, ihu, da 'yan sautukan jita da ake maimaitawa. Kafin 1978 ya fara gajiyar da masu shi. Waɗanda suka zo bayansa, irin su Wire da Gang of Four da Public Image Ltd, sun riƙe ƙarfin halin, suka yar da ƙa'idar. Suka kai kunne ga kiɗan dub na Jamaika mai nauyin bes da yawan amsa-kuwwa, ga ƙungiyoyin Jamus irin su Kraftwerk da Can, har ma ga disko da 'yan punk suke rainawa. A cikin wannan yanayi ne Sumner da Hook da Curtis da mai ganga Stephen Morris suka bar sunan Warsaw suka koma Joy Division a farkon 1978, suka haɗu da kamfanin Factory na Tony Wilson, ɗan jaridar talabijin ɗin Granada.

Faifansu na farko an ɗauke shi ne a sutudiyon Strawberry da ke Stockport a watan Afrilun 1979, kuma tun daga nan kayan kiɗan suka yi musayar aiki. A al'adar kiɗan rok, jitar bes tana ƙasa tana riƙe da gindin waƙa, jita kuma tana sama tana jan karin. Hook ya juya wannan tsari, yana kaɗa bes ɗinsa a manyan sautuka na sama har ta zama ita ce mai jan karin, jitar Sumner kuma ta koma yanka sauti gajere-gajere tana barin fili. Furodusa Martin Hannett ya ƙara nasa. Yakan sa Morris ya buga gangunansa ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki kowace ita kaɗai don kada sautin wata ya shiga na wata, sannan ya bi da su ta na'urar jinkirta sauti. Ya saka ƙarar fashewar gilashi da ta lif mai hawa bene cikin waƙoƙin. Hook da Sumner ba su ji daɗin sakamakon ba da farko, domin a dandamali su masu zafi ne da hayaniya, a faifan kuma sai suka ji kansu a sanyaye. Amma a saurari gangar «She's Lost Control», waƙar da Curtis ya yi kan wata mata mai farfaɗiya da ya sani a ofishin samar da aiki inda yake ma'aikaci. Bugun a bushe yake, daidai wa daida, kamar na inji, kuma ana iya taka rawa da shi. Mutum ne ke bugawa, amma burin na'ura ne. A wannan lokacin kuma Sumner ya riga ya harhaɗa ƙaramar sintasaiza da hannunsa daga kayan da ake sayarwa a warwatse.

Faifai na biyu, Closer, an ɗauke shi a sutudiyon Britannia Row na Landan a watan Maris na 1980, kuma a nan sintasaiza ta fito fili. Ita ce ke jan «Isolation» daga farko har ƙarshe bisa bugu mai sauri, ita ce kuma ke rufe faifan a «Decades». Karin da kowa ya sani a «Love Will Tear Us Apart», waƙar da ta kai mataki na 13 a jadawalin Birtaniya, sintasaiza da bes ne ke ɗauke da shi tare. Abokan Curtis sun sha faɗa cewa shi ne ya fi su son Kraftwerk, shi ke kawo faifansu wurin gwaji. Ranar 18 ga Mayun 1980, yana ɗan shekara 23, ga farfaɗiya da ta matsa masa ga auren da ke rushewa, Curtis ya kashe kansa ana gab da tafiyarsu ta farko zuwa Amurka. Closer ya fito a watan Yuli da hoton wani kabari na maƙabartar Staglieno ta birnin Genoa a bangonsa, hoton da aka zaɓa tun yana raye. Dole masu sauraro suka ɗauki faifan kamar wasiyya, kuma wannan ɗauka ta rufe musu kunne daga inda kiɗan ya dosa. Mutuwar Curtis asara ce ta mara lafiyar da bai samu taimakon da yake buƙata ba, ya bar matarsa da 'yar ƙaramar yarinya. Mai da ita ado ga fasaharsa zalunci ne gare shi, kuma kuskure ne a nazari.

Ƙungiyar ta daɗe da yin alkawari cewa in ɗaya ya fita, sunan ya tafi da shi. Suka cika alkawari, suka zama New Order, suka ɗauko Gillian Gilbert a kan fiyanon lantarki da jita, Sumner ya karɓi rera waƙa. Halin da suka shiga irin wanda 'yan amshi ke shiga ne idan ubangidansu ya rasu: ko su watse, ko ɗaya ya tsaya yana kwaikwayon muryar mamacin har masu sauraro su gaji. Faifan Movement na Nuwamban 1981 ya ɗauki hanya ta biyu. Sumner yana danne muryarsa don ta yi kama da ta Curtis, Hannett yana maimaita duhun da ya yi aiki a baya, kuma su kansu mawaƙan ba su ɓoye rashin gamsuwarsu da shi ba daga baya. Wannan faifai hujja ce babba ga abin da ake faɗa a nan. Shi ne ya fi kowane kama da Joy Division a fuska, shi ne kuma ya fi kowane nisa da halinta, domin Joy Division ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Da suka bar kwaikwayo sai ƙofa ta buɗe. «Everything's Gone Green» ta 1981 ta zo da sautin lantarki mai maimaita kansa, ita ce kuma aikinsu na ƙarshe da Hannett. «Temptation» ta 1982 su suka haɗa ta da kansu, bayan sun ji abin da ake sakawa a gidajen rawa na Niyok.

A watan Maris na 1983 «Blue Monday» ta fito, waƙa mai sama da minti bakwai, wadda ta fara da bugun na'urar ganga ta Oberheim DMX ita kaɗai kafin komai ya shigo. Ba ta da amshi irin na waƙoƙin rediyo, muryar Sumner a cikinta ba dariya ba fara'a, kuma bes ɗin Hook yana nan a sama inda yake tun 1979. Ta zama faifan inci 12 da ya fi kowane sayuwa a tarihin Birtaniya. Abin da Hannett ya riƙa wahalar da Morris don ya samu, yanzu inji ne ke bayar da shi. Power, Corruption & Lies da ya biyo baya a watan Mayu ya daidaita ɓangarorin biyu, jita a wasu waƙoƙi, sintasaiza irin ta Kraftwerk a wasu. Low-Life na 1985 ya gauraya su sosai, yana kuma ɗauke da «Elegia», kiɗa marar murya da suka yi don tunawa da Curtis. Brotherhood na 1986 ya raba su fuska biyu, ɗaya ta jita ɗaya ta lantarki, abin da ke nuna ja-in-jar da ke tsakanin Hook mai son rok da Sumner mai son na'ura. Technique na Janairun 1989, wanda aka fara ɗauka a tsibirin Ibiza na ƙasar Sifen lokacin da kiɗan acid house ke tashe, ya warware wannan ja-in-ja fiye da kowane, ya zama faifansu na farko da ya hau mataki na ɗaya. Kiɗan na rawa ne, waƙoƙin kuma na rabuwa da nadama.

Mai suka zai ce ran Joy Division kalmomin Curtis ne da muryarsa mai kauri, kuma Sumner bai kai shi a ko ɗaya ba. Akwai gaskiya a nan. Curtis mai karatu ne, ya sha littattafan Kafka da Ballard, yana zaɓen kalma da nauyinta. Sumner ya karɓi aikin ne bisa tilas, muryarsa siririya ce, baitocinsa wani lokaci kamar an rubuta su a tsaye. Sai dai wannan suka tana ɗaukar ƙungiya kamar mutum ɗaya da masu rakiya, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su huɗun ne ke haɗa waƙoƙin Joy Division a ɗakin gwaji, kiɗa ya fara samuwa, Curtis ya ɗora kalmomi. Kashi uku cikin huɗu na wannan ɗaki ya ci gaba da aiki. Kuma raunin muryar Sumner ya zama amfani: idan bugu ya zama na inji wanda ba ya kuskure, muryar da ke rawa tana neman faɗuwa ita ce ke shaida cewa akwai mutum a ciki. Haka ma masu cewa Hannett ne ya ƙirƙiri sautin, sai su bayyana yadda aka yi mafi kyawun faifan New Order suka zo bayan tafiyarsa.

Suka ta biyu ita ce kuɗi suka bi. Halinsu na kasuwanci bai goyi bayan wannan zargi ba. Sun zauna a ƙaramin kamfanin Factory shekara da shekaru, suna raba riba da shi bisa yarjejeniyar da ta bar wa mawaƙa mallakar aikinsu. Ba su sa «Blue Monday» a faifan Power, Corruption & Lies da ya fito a Birtaniya ba, alhali ita ce za ta fi sayar da shi. Bangon da Peter Saville ya tsara wa faifan hoton furanni ne na mai zanen Faransa Fantin-Latour, babu sunan ƙungiya a gabansa. Ribar da suka samu kuma da yawa ta narke a gidan rawa na Haçienda, wanda suka buɗe tare da Factory a 1982, ya yi ta cin kuɗi har aka rufe shi a 1997. Factory kanta ta karye a Nuwamban 1992. Inda sukar ta fi kama ƙasa shi ne bayan Technique. Waƙar ƙwallon ƙafa ta 1990 da suka yi da tawagar Ingila ta hau mataki na ɗaya amma ba ta ƙara komai ga binciken ba, Republic na 1993 an yi shi ne cikin bashi da rashin jituwa, kuma fitar Hook a 2007 ta ƙare a kotu. Music Complete na 2015 faifai ne mai kyau, sai dai na mutanen da suka riga suka san amsar tambayarsu.

Hukuncin da hujjojin suka kai mu shi ne cewa shekarun 1979 zuwa 1989 aiki ɗaya ne mai faifai bakwai, biyu da sunan farko, biyar da na biyu, kuma mafi rauni a cikinsu shi ne wanda ya yi ƙoƙarin tsayawa a inda mamaci ya bari. Darajar post-punk tana cikin wannan ɗabi'a ta mai da kowane faifai gwaji da ƙin maimaita abin da ya riga ya karɓu. Mai karatu da ke son tantance wannan magana ya saurari faifan bakwai a jere yadda suka fito, ya bi bes ɗin Hook da gangar Morris daga farko zuwa ƙarshe, sannan ya yanke nasa hukunci.