First Light: Littafin da Ya Nuna Gwanintar Matuƙin Jirgin Yaƙi

Kai, Geoffrey Wellum ya iya ba da labari! Littafinsa First Light ya fito ne a 2002, amma da ka buɗe shi sai ka tsinci kanka a 1940, lokacin da jiragen Jamus ke yi wa Ingila ruwan bama-bamai. Yana ɗan shekara 18 aka tura Wellum runduna ta 92 ta sojan saman Birtaniya, ko sau ɗaya bai taɓa tuƙa jirginsu na yaƙi, Spitfire, ba. Don ƙuruciyarsa ma abokan aikinsa Yaro suke ce masa.

Masu sha'awar yaƙin sama sun saba auna gwani da yawan jiragen da ya kakkaɓo, shi ya sa kullum sunan Erich Hartmann na Jamus, wanda ya kakkaɓo 352, ke bakinsu. Wellum bai kama ƙafar wannan ba, amma wallahi a wurinsa na gane mece ce gwaninta. Bindigogi takwas ne a fukafukan jirginsa, harsashinsu kuwa bai wuce na daƙiƙa 15 ba in ka danne. To ka ga dole ka matso kusa da abokin gaba, ka saita, ka yi ɓarin wuta kaɗan, ka karkace. Wuyanka kuma ba hutu, kana waige, kana leƙen wajen rana, domin ta nan jirgin Messerschmitt na Jamus ke faɗowa mutum. Ya koyi cewa wanda ya miƙe sambal a fagen fama ko na ɗan lokaci ne, ya ba da kansa.

Babin da ya fi tsuma ni ma ba na musayar wuta ba ne. Ya fita rakiyar jiragen ruwa cikin hazo da ruwan sama, rediyonsa ya mutu, ba ya ganin komai sai teku, mai kuma yana ƙarewa. Yadda ya lallaɓo ya gano gaɓa ya sauka, ina karantawa tafin hannuna na gumi. Ga tsoro fal a ransa, bai ɓoye ba, amma hannunsa bai saki aiki ba.

Ya kai har Malta a 1942, inda gajiyar yaƙi ta kwantar da shi. Ya rasu a 2018 yana da shekara 96. Don Allah duk mai son jiragen yaƙi ya nemi littafin nan, kuma kada ya fara shi da dare in yana da sammako.