Farashi yana magana, amma muryar wa yake ji? Sharhi kan maƙalar Hayek ta 1945

In ka taɓa zama a majalisar da ake musu kan jari-hujja da gurguzu, ka san yadda abin yake ƙarewa. Wannan ya ce dubi arzikin Amurka, wancan ya ce dubi masu kwana a titunan Amurka. Wannan ya kawo layin burodi a Mosko, wancan ya kawo asibitin kyauta a Kuba. A tashi kowa yana kan bakansa. Laifi tudu ne, ka hau naka ka hango na wani.

Yau hanya dabam za mu bi da kai. Za mu ɗauki rubutu guda, wanda da yawan masana tattalin arziki suke gani shi ne hujja mafi ƙarfi da aka taɓa kafa wa tsarin kasuwa, mu auna shi da abin da ya faru a zahiri. Maƙala ce mai shafi 12, sunanta The Use of Knowledge in Society, wato yadda al'umma take amfani da ilimin da ke cikinta. Friedrich Hayek, haifaffen Ostiriya da ke koyarwa a Landan a lokacin, shi ya rubuta ta, ta fito a mujallar American Economic Review a watan Satumba na 1945.

Me Hayek ya ce?

Musun ya girmi maƙalar. Tun a 1920 Ludwig von Mises ya ce in gwamnati ta mallake masana'antu da gonaki, to babu farashi na gaskiya, in kuwa babu farashi babu yadda za a lissafa ko ƙarfen nan ya fi amfani a layin dogo ko a garma. Oskar Lange, masani ɗan Folan mai ra'ayin gurguzu, ya mayar da martani a 1936 da 1937: hukumar tsare-tsare za ta iya yanka farashi da kanta, in kaya sun yi ƙaranci ta ɗaga, in sun yi kwantai ta sauke, har a dace.

Sai Hayek ya sauya tambayar. Ya ce wahalar ba a lissafin take ba, a tattaro bayanin da za a yi lissafin da shi take. Ilimin da tattalin arziki yake tafiya a kansa a warwatse yake cikin kawunan miliyoyin mutane, guntu-guntu, kuma kullum sauyawa yake. Manomi ya san wace fadama ce ke riƙe ruwa har bazara. Direban tirela ya san jibi zai dawo daga Legas ba kaya. Mai shago ya san wane sabulu matan unguwa suka daina saya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a rubuta wannan a fom a kai babban birni, an mayar da shi jimilla, kuma ya riga ya tsufa.

To ta yaya ake haɗa guntayen? Ta farashi, in ji shi. Misalin da ya bayar na kuza ne, ma'adinin nan da aka san Jos da shi. A ce kuza ta yi ƙaranci a duniya, ko don wata mahaƙa ta rufe, ko don an samo sabon amfaninta. Mai yin gwangwani a wata nahiya ba ya buƙatar sanin dalili. Farashi ya hau, sai ya rage ɓarna, ya nemi madadi. Mai haƙa kuma ya ƙara himma. Lamba ɗaya ta isar da saƙo ga dubban mutanen da ba su san juna ba, babu wanda ya ba su umarni.

Inda ya yi gaskiya

A nan sai mu sara masa, don tarihi ya gaskata shi sosai.

Tarayyar Sobiyet ta kafa hukumar tsare-tsarenta, Gosplan, a 1921, ta fara shirin shekara biyar-biyar a 1928. In buri guda aka sa gaba, tsarin yana iya abin mamaki: su suka fara harba tauraron ɗan'adam a 1957. Amma takalmin da ya yi daidai da ƙafa, da kayan gyaran tarakta a lokacin girbi, waɗannan sun gagara. Manajan masana'anta yana ɓoye ainihin abin da zai iya samarwa don kada a ƙara masa kaso baɗi, yana kuma tara kayan aiki don gudun yankewa. Masanin Hangari János Kornai ya nuna a littafinsa na 1980 cewa ƙarancin kaya a irin wannan tsari ɗabi'arsa ce, ba tsautsayi ba ne.

Mafi muni shi ne na Sin. A ƙarshen shekarun 1950 jami'an ƙauyuka suka riƙa aika alƙaluman girbi na ƙarya don faranta wa na sama, gwamnati kuma ta kwashi hatsi bisa waɗannan alƙaluma. Da ministan tsaro Peng Dehuai ya yi ƙorafi a 1959, sai aka tuɓe shi. Yunwar 1959 zuwa 1961 ta kashe mutanen da ƙiyasin masana ya kama daga miliyan 15 zuwa miliyan 45. Daga 1978 da aka fara bar wa iyalai gonakinsu su noma su sayar da rarar, hatsin ƙasar ya tashi daga kimanin tan miliyan 305 zuwa miliyan 407 a 1984.

Akwai ma gwaji a kusa da gida. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da sabis ɗin wayar salula yake shiga gari bayan gari. Ta kwatanta kasuwannin da suka samu da waɗanda bai kai gare su ba tukuna, sai ta ga tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, musamman inda kasuwannin suke nesa da juna. Ɗan kasuwar da a da sai ya yi tafiya kafin ya ji farashin gero, yanzu kira ɗaya ya ishe shi, hatsi kuma ya nufi inda aka fi nemansa. Da Hayek yana raye da ya ce, kun gani ko?

Inda maƙalar ta yi shiru

Matsala ta farko: farashi ba ya jin buƙata sai in tana tafe da kuɗi. Ka lura da shekarar da aka buga maƙalar. Shekara 2 kacal kafin nan, a 1943, yunwa ta kashe mutum miliyan 2 zuwa 3 a Bengal, ƙarƙashin mulkin Ingila. Amartya Sen, wanda ya ga abin da idonsa yana ɗan shekara 9, ya kafa hujja a littafinsa na 1981 cewa abincin da ke Bengal a 1943 bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba. Kuɗin yaƙi da ɓoye kaya suka cilla farashin shinkafa sama, ladan ɗan ƙwadago da masunci bai bi shi ba. Har yau akwai masu ja da alƙaluman Sen, amma darasin ya tsaya da ƙafarsa: ana iya mutuwa da yunwa a gefen kasuwar da ke cike da abinci.

Mutanen Maraɗi da Damagaram ba sa buƙatar a ba su labari. Bayan fari da farin ɗango na 2004, a 2005 akwai gero a kasuwa, sai dai farashinsa ya ninka, na dabbobi kuma ya faɗi, makiyayi ya sayar da akuya ya kasa cika buhu. Da farko hatsi mai rangwame aka sayar, don gudun dagula kasuwa. Rabon kyauta bai kankama ba sai da damina ta yi nisa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara masu tamowa, da yawansu a Maraɗi, yankin da ake ɗauka rumbun ƙasar. Ka duba fa, cikin shekarun da Aker ta auna ne. Farashi ya yi aikinsa yadda Hayek ya siffanta, ya ce wa kowa a rage ci. Amma rage kuza a gwangwani dabam, rage kunu a bakin yaro dabam.

Matsala ta biyu: akwai bayanin da ba ya shiga farashi ko kaɗan. Da zinare ya haura dala 1,000 kowane oza, saƙon ya isa har ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, jama'a suka dukufa haƙa, ana daka duwatsu ana niƙa a cikin gidaje. Abin da farashin bai faɗa ba shi ne duwatsun cike suke da dalma. A 2010 aka gano gubar, yara aƙalla 400 suka rasu. Mai sayen sarƙa a Dubai bai biya ko kwabo na wannan asara ba. Tun a 1920 Arthur Pigou ya yi bayanin irin wannan cutarwa da ke faɗa wa wanda ba ya cikin ciniki, amma maƙalar Hayek ba ta tsaya a kanta ba. Kada dai ɗan gurguzu ya yi saurin tafi: masu tsare-tsaren Sobiyet ne suka karkatar da kogunan da ke shayar da Tekun Aral don noman auduga, har mafi yawansa ya ƙafe.

Matsala ta uku: maƙalar ta zana duniya kamar zaɓi biyu ne rak, ko kasuwa ko hukuma. Alhali tun a 1937 Ronald Coase ya yi tambaya: in farashi ya iya komai, me ya sa ake da kamfanoni? A cikin kamfani ai ba ciniki ake yi tsakanin sashe da sashe ba, umarni ake bayarwa, kasafi ake yi. Manyan kamfanonin yau suna tsara zirga-zirgar kayan da suka fi na wasu ƙasashe yawa. Kuma in kamfani ɗaya ko biyu suka mamaye kasuwa, farashin da kake gani ba labarin ƙaranci kawai yake ba ka ba, har da labarin ƙarfin mai kaya.

Wannan ya sa wasu ke cewa kwamfuta ta rushe hujjar Hayek. Lange kansa ya faɗi haka a ƙarshen rayuwarsa. A ganina a nan sun zarce. Kwamfuta tana saurin lissafi, amma abin da aka ba ta shi take lissafawa. Da an ba ta alƙaluman girbin Sin na 1958, da ƙaryar za ta lissafa cikin daƙiƙa guda. Kamfani kuwa, komai girmansa, a kasuwa yake saye yake sayarwa, in tsarinsa ya ɓaci asara za ta faɗa masa.

To ina aka kwana?

Adalci ya sa a faɗa cewa Hayek bai ce a bar talaka ya mutu ba. A littafinsa na 1944 ya yarda ƙasa mai hali ta tabbatar wa kowa abinci da sutura da matsuguni gwargwado. Aibin maƙalar 1945 shi ne ta gano hanya ɗaya da bayani ke bi cikin al'umma, sai ta yi kamar ita kaɗai ce.

Kwatancen da Sen da Jean Drèze suka yi tsakanin Indiya da Sin a 1989 ya nuna ta biyu. Sin ta zamanin Mao, da likitocin ƙauye da rigakafi da rabon abinci, ta zarce Indiya da kimanin shekara 10 a tsawon rai kafin ƙarshen shekarun 1970. Wannan maki ne ga masu cewa lafiya da ilimi ba kayan ciniki ba ne. Amma Indiya, duk da talaucinta, ba ta sake ganin yunwa irin ta Bengal ba tun samun 'yanci a 1947, saboda jaridu suna kwarmatawa, 'yan adawa suna hayaniya, mai mulki kuma yana tsoron ranar zaɓe. Wanda aljihunsa ba zai iya magana a kasuwa ba, yana da baki da ƙuri'a. Inda aka toshe farashi aka toshe baki, kamar Sin a 1959, nan bala'i ya fi girma.

Don haka in ka ji an ce za a ƙayyade farashin abinci, ko an cire tallafi kamar na man fetur a Najeriya a 2023, kafin ka tambaya jari-hujja ne ko gurguzu, gwada waɗannan. Wa ya san gaskiyar abin da ke ƙasa, kuma zai iya faɗa ba tare da ya rasa aikinsa ba? Wa farashin zai tilasta wa ragewa, kuma me zai rage, kwalliya ko abincin dare? Wace asara ce ba ta cikin lissafin, kuma a kan wa za ta faɗa? Tambayar farko Hayek ne ya koya mana ita, kuma duk mai son gwamnati ta riƙe komai sai ya amsa ta. Sauran biyun kuwa, nemi maƙalar ka karanta da kanka, ba ta da tsawo. Ba za ka same su a ciki ba.