Zinaren Kush Da Gafakar Kaka

Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, labarin Khartoum bai bar bakin gidajen rediyonmu ba. Aikina gabatar da shirye-shirye ne, don haka na kasa kunne sosai ga rahotannin da aka watsa da Hausa kan kayan tarihin da aka wawushe, musamman bayan sojoji sun ƙwace birnin a watan Maris na 2025, duniya ta ga yadda aka yi wa Gidan Tarihi na Ƙasa ƙarƙaf.

Ba zan tauye wa abokan aiki haƙƙinsu ba. Sun ambaci zinaren sarakunan Kush, sun ambaci Baitul Khalifa da ke Omdurman kusa da ƙubbar Mahadi, gidan Khalifa Abdullahi da aka mayar gidan tarihi a 1928. Duk gaskiya ne. Ƙorafina shi ne, wanda ya saurare su zai ɗauka Sudan wata ƙasa ce can da ba mu da kowa a cikinta. An kwaso labarin daga kamfanonin dillancin labarai na Turai, aka sa masa rigar Hausa, shi ke nan.

Alhali danginmu na can. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, har ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Ban da su, ga dubban mahajjatan ƙafa da guzuri ya ƙare musu, suka tsaya noman auduga a Jazira, wasu suka zauna a Ishash Fallata cikin Khartoum. Me irin waɗannan mutane suka bar wa jikokinsu? Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, da allon da ya yi baƙi don wanki, da tasbaha, da tasoshin jeren kaka, da tsohuwar takardar tafiya. Babu mai sa waɗannan a gilashi, babu kuma lambar rajista a jikinsu. In an sace gunkin Kush, akwai hotonsa a kundi, ana iya cigiyarsa. In gafaka ta ƙone a ɗakin da masu shi suka gudu da kayan jikinsu kawai, wa zai yi cigiya?

Kada mai karatu ya ce kewa ce kurum ke damuna. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, kuma waɗanda ake kira Fallata ko Takari sun daɗe suna shan tambaya kan asalinsu. A gidan da aka sha irin wannan tambaya, takardar da asu ya ci gefenta hujja ce, ta fi awarwaron zinare daraja.

Abin da ya fi ba ni takaici, wannan aiki ne da rediyo ya fi kowa iyawa. Ba a buƙatar kyamara, ba a buƙatar tafinta. Waya guda ta isa a kira wata dattijuwa da ta yi gudun hijira zuwa Gadarif ko Kasala, a gaishe ta da Hausa, a yi mata jaje, sannan a tambaye ta abin da ta ɗauka ranar da ta fito, da abin da ta bari a ƙarƙashin gado.